Sandar da Ta Karye

Motar wasan, mai tafiya da rimot, ta tashi daga tudu na ƙarshe, ta dira, manyan tayoyinta suka tsaya cak. Yaron da ke sarrafa ta ya yi wurgi da rimot a gaban 'yan tseren garin Ruiru, ya juya wajen yayarsa.

"Yaya, kin kashe ni! Na ce mu sayi sandar kanti, kika ce ke maƙeriya ce!"

Mako uku ta yi a rumfarta ta unguwar Kariobangi tana feƙe sandar da ke juya tayoyin daga tsohon ƙarfen babur, har yatsunta suka yi kanta. Ta kifa motar, ta zaro guntun da ya karye. Sumul yake, sai ƙyalli. Babu ɗigo ukun da take bugawa a kan kowane aikinta.

"Kai, mara kunya! Wannan ta kanti ce. Ina tawa?"

Ya sunkuyar da kai. "Abokaina sun ce kamar daga bola aka tsinto ta."

Ta bi inda yake satar kallo. Ga sandarta can, ya buga ta cikin ƙasa da dutse, ya ɗaure igiyar tantinsu a jikinta.

Ko lanƙwashewa ba ta yi ba.