Ƙarfen Tayar Mota

Ina ɗan shekara tara council, wato ƙaramar hukuma, ta rage ma'aikata, aikin Baba ya tafi. Shi ya koma ɗauko ni daga makaranta a Moss Side, unguwar da muke zaune a ƙasar waje.

Wata yamma ya hango tsohon ƙarfen tayar mota yashe a bayan gareji. Ya ɗaga shi, ya nemo dutse.

"Cocin Katolika na ƙauyenmu ba shi da ƙararrawa," in ji shi. "Irin wannan kakanka ya rataya a bishiyar ɗorawa. In ya buga, manoma sai su ajiye fartanya su yi addu'ar gai da Maryamu. Saurara, akwai yadda ake bugawa."

Ya buga uku, ya dakata, ya sake uku. 'Yan ajinmu na wucewa suna dariya.

"Dad, ka bari mana, kana ba ni kunya!"

Ya ajiye dutsen a hankali. Bai ƙara zancen ba.

Bara muka kai gawarsa ƙauyen. Ƙarfen kaka na nan. Katikis, malamin cocin, ya miƙo mini guduma, wai ɗa ya kamata ya buga. Na buga uku, na sake uku, na tsaya. Iyakar abin da na bari ya koya mini ke nan.