Kek ɗin Kaka

Ƙauri ne ya tashe ta daga barcin rana. Ta ruga kicin ko takalmi babu. Hayaƙi ya turnuƙe, ga autarta, wadda tsayinta bai wuce murhun ba, tana ta tari.

Ta fizgo ta, ta kashe gas. Garin hatsin ot da ayaba da tuffa sun ƙone ƙurmus a tire.

"Auta! Kashe kanki za ki yi?"

Yarinyar ta fashe da kuka. "Kek ɗin masu ciwon hanta ne, wanda kike gasa wa Kaka kafin ya rasu. Mama, kar ke ma ki mutu."

"Wa ya ce hantata na ciwo?"

"Ke mana. Jiya da mota ta kusa kaɗe ni, kin ce wa Baba hantarki ta kaɗa."