Sunan Ɗan Fari

Alhaji Barmo yakan bugi ƙirji ya ce shi ya fara hango wannan zamani, tun yana yawo da lasifika a kan keke, kafin ya gina gidan rediyonsa alhali ko bihim bai sani ba. Shi ya fara dangwala yatsa ya sayar wa na'urar kwaikwayon magana muryarsa. Yanzu doka ta hana ɗan'adam magana a rediyo.

Ranar da ɗansa na fari ya rasu, ya je gidan rediyon da sassafe ya roƙi manaja Talatu ta bar shi ya yi sanarwa da bakinsa.

"Baba, ai ka riga ka yi," in ji ta, ta ƙara sautin rediyo.

Muryarsa ce, har da tarin. Muryar ta ambaci sunan mamacin ɓaro-ɓaro, sunan da kunyar ɗan fari ta hana Barmo furtawa shekara hamsin.

"'Yar nan, a cire."

"Ba mu da iko, Baba."

A ƙofa masu gaisuwa suka tare shi. "Mun ji ka, Alhaji."

Ya dube su. "Duk mai cewa ni ne, ya matso ya sa ni in faɗi sunan nan, mu gani."