Gemun Mai Fasa Dutse

"Sai an aske gemun nan, Mama," in ji likitar ɗakin gaggawa. "Iska na zurarewa ta gefen robar, ba ta isa ƙirjinsa."

Tsohon, wanda ƙurar fasa dutse a Mpape ta cinye wa huhu, ya girgiza kai cikin robar da aka ɗaure masa a hanci da baki. Iskar injin numfashin da ke zurarewa tana ta fito kamar tsuntsu a keji.

Matarsa ta sunkuyo. "Malam, gashi ne fa, zai sake fitowa. Ni kuma wa za ka bar ni da shi?"

Ya lumshe ido. Aka aske, aka mayar da robar, fiton ya tsaya. Ƙirjinsa ya yi ta hawa da sauka har la'asar, daga nan rai ya yi halinsa, injin ya ci gaba da hurawa shi kaɗai.

Da aka cire robar, sai ga fuskar saurayin nan mai zuwa zance ƙofar gidansu, wadda gemu ya ɓoye mata tun farkon aurensu. Tsohuwar ta ja mayafi, ta sunkuyar da kai don kunya.