'Ya'yan Kalafate a Tafin Anselmo

Tsohon jirgin ƙasa mai aiki da tururi ya tsaya shan ruwa a bakin daji, 'yan yawon buɗe ido suka bazu cikin itatuwa. Anselmo, mai hura wutar injin, ya sauko ya iske budurwarsa Griselda zaune kan kututture. Gobe za ta bar yankinsu na Patagonia, ta samu aiki can nesa a birnin Córdoba.

Ya tsinko 'ya'yan kalafate, wani ɗan itacen daji mai ƙananan 'ya'ya, daga cikin ƙaya, ya miƙa mata. Ko yaro ya san camfin cewa wanda ya ci su sai ya dawo Patagonia.

"Ci mana, siririya. Ko ɗaya."

Ta dubi baƙin tafinsa, ta kau da kai.

"Shekara shida ina jiran maganar aure, Anselmo. Kullum sai ka ce bari baƙi su ragu."

"To ci kawai. Ba ke ce mai yi wa camfi dariya ba?"

"A baki ne," ta ce a hankali. "Na yarda da shi. Shi ya sa ba zan ci ba."

Direba ya busa usur. Ta shige taragon ƙarshe. Anselmo ya dunƙule hannu har ruwan 'ya'yan kalafaten ya bi yatsunsa, sannan ya koma ya hura wutar da za ta tafi da Griselda.