Hannun Suruki

Gaisuwa ce ta ɓata aikin.

Ciwon dajin da ke hanjin wata mata ya bazu zuwa hanta. Da safe likitocin Kampala suka huda jijiyar cinyarta, suka zura siririyar roba har hantar, suka ɗura maganin can kai tsaye. Nas ta ce, "Kwanta a miƙe. Kada ki tanƙwara ƙafar nan sai yamma."

Sai ga uban mijinta ya shigo da kwanon matoke, wato dafaffiyar ayaba. A al'adarsu ta Buganda mace ba ta gaida babba a kwance. Ta sulalo ƙasa ta durƙusa.

"Baba, an zo lafiya?"

"Ke, sarauniyar taurin kai, koma gado!"

Jini ya riga ya jiƙa zaninta. Mijin ya fita sayen shayi, nas tana can ƙarshen ɗaki. Tsohon ya tsaya cak. Tun da aka kawo ta gidansa, ko tabarma ba su taɓa haɗawa ba. A can kowa ya san duk wanda ya taɓa matar ɗansa, makyarkyata ce za ta kama shi har kabari.

Ya ajiye kwanon, ya durƙusa, ya danne cinyar da hannu biyu yana ƙwala wa nas kira.

"Baba, hannunka!"

"Yi shiru. Ai nawa ne."

Jinin ya tsaya, ta koma gida tana ci gaba da karɓar magani. Shi kuwa yanzu rabin shayinsa a ƙasa yake ƙarewa. Likita ya ce tsufa ne. Tsohon bai yi musu ba. Yakan dubi hannun yana rawa, ya ce da araha ya saya.