Wanda Aka Bar Wa Mabuɗi

"Ki faɗi sunansa, in kore shi yau!" Shef, shugaban biro, ya daki tebur yana duban mai kula da na'urori.

Ma'aikata shida na tsaye a gabansa. Tun safe odinatocin biro, wato kwamfutocin ofis, suka ƙame, sunayen makiyayan Azagor da za a raba wa dussa gobe suka ɓace. Wani ne ya saka manhajar kallon kokowa, ta shigo da birus mai lalata na'ura.

Mai kula da na'urorin ta gano ko wane ne.

"Ranka shi daɗe, na maido da sunayen. A bar zancen."

"Ba a bari! Ba tun bara na ce ki ƙwace izinin saka manhaja a hannun kowa ba, ki bar mini ni kaɗai?"

Ta dubi abokan aikinta, kowa na jiran a kira sunansa.

"Haka na yi, Shef. Tun bara."

Babu wanda ya ɗaga kai. Shef ya kai hannu aljihu a hankali, ya taɓa ɗan kile ɗin da ya sayo ran kasuwa, ɗan mabuɗin nan da ake sokawa a odinato, mai ɗauke da manhajar kokowa.